Jakar goyo ta Ergobaby Omni 360 a zafin Jidda da Makka: abin da take yi da abin da ba ta yi

Duk wadda ta haihu a Jidda ko Makka cikin 'yan shekarun nan ta ga jakar nan, ko a shagon kayan jarirai, ko a wayarta, ko a ƙirjin wata baiwar Allah a harabar Harami. Kamfanin Amurka ne ke yin ta, kuma kuɗin ta asali ya kan haura riyal 500. Masu tallar irin waɗannan jakunkuna ba su tsaya ga cewa suna hutar da baya ba, har cewa suke yi suna ƙulla shaƙuwa tsakanin uwa da ɗanta. Ga Bahaushiya wadda aka goya ta da zani da majanyi, ita ma ta goyi ƙannenta tun tana 'yar shekara bakwai, tambayar a fili take: me wannan jaka za ta ba ni wanda zanina bai ba ni ba?

Hukuncinmu shi ne jakar tana da kyau, an yi ta da tunani, kuma akwai wurare uku da ta fi zani nesa ba kusa ba: watannin farko kafin wuyan jariri ya tsaya, cunkoson ɗawafi da filin jirgi, da kuma lokacin da uba ne zai ɗauki yaron. A sauran wurare zani bai bar mata komai ba. Maganar shaƙuwa kuwa akwai gaskiya a cikinta, amma ba kamar yadda ake tallata ta ba.

Jakar ta ƙunshi faffaɗan bel na ƙugu mai makullin roba, da ɗan matashi da ke tokare ƙasan bayan mai ɗauka, da igiyoyin kafaɗa biyu masu soso waɗanda ake iya sawa a miƙe ko a gicciye su a baya, da mazaunin jariri, da matashin wuya da ake naɗewa ko a ɗaga, da hular yadi ta kare rana. Kamfanin ya ce tana ɗaukar yaro daga kilo 3.2 zuwa kilo 20 ba tare da an sa wani ƙarin matashi na sabuwar haihuwa ba. Ana goyo da ita ta fuska huɗu: a ƙirji yaro na kallon uwa, a ƙirji yana kallon waje, a gefe, da kuma a baya. Faɗin mazaunin yana da mataki uku, ana gyara shi da abin mannawa da ke cikin bel ɗin, gwargwadon tsawon yaro. Iri biyu ake samu, mai yadin auduga da mai raga. A ƙasar nan mai raga kawai za mu ba da shawara, dalilin zai zo.

Sai batun shaƙuwa, don a nan ake ruɗa iyaye mata. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, shi ya fara tsara bayanin cewa jariri yana zuwa duniya da buƙatar wani babba guda da zai riƙa gudu wurinsa idan ya tsorata. Mary Ainsworth ce ta fitar da maganar daga takarda zuwa tsakar gida, kuma a Afirka ta fara: a 1954 da 1955 ta riƙa shiga gidajen ƙabilar Baganda a kusa da Kampala ta Uganda tana kallon yadda uwaye ke renon 'ya'yansu. Daga baya a Baltimore ta Amurka ta tsara wani gwaji na kimanin minti 20 ga yara masu shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Uwa da yaro suna cikin ɗaki mai kayan wasa, baƙuwa ta shigo, uwa ta fita na ɗan lokaci, ta dawo, ta sake fita, ta sake dawowa. Abin da ake dubawa ba kukan yaro lokacin fitar uwa ba ne. Abin da yake yi idan ta dawo, shi ne ma'auni.

Yaro mai shaƙuwar natsuwa yakan nufi uwarsa, ta ɗauke shi, ya lafa cikin ɗan lokaci, sannan ya sauka ya koma wasansa. Wani kuma uwar za ta shigo ya kau da kai kamar bai gan ta ba. Mutane sukan yaba wa irin wannan su ce yaron ba shi da rigima, alhali da aka auna bugun zuciyar irinsu an ga hankalinsu a tashe yake, sun dai koyi ɓoyewa ne don nunawar ba ta jawo musu komai. Na uku yakan ƙanƙame uwar yana kuka, ta ɗauke shi ya banƙare yana ture ta, ta sauke shi ya ƙara ƙanƙamewa, ba ya lafawa, ba ya komawa wasa. An fi ganin wannan inda amsar uwa ba ta da tabbas, yau ta zo da gudu, gobe ya yi ta kuka babu kowa. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka ƙara kashi na huɗu, na yaran da ke ruɗewa gaba ɗaya: ya taho wurin uwa sai ya daskare a hanya, ko ya matso yana juya fuska. Wannan yakan faru idan wanda yaro ke gudu wurinsa shi ne kuma ke ba shi tsoro, ko kuma ita uwar ce ke cikin firgici ko baƙin cikin da bai warke ba. Da aka tattara gwaje-gwaje kusan 2,000 daga ƙasashe takwas a 1988, kimanin kashi 65 cikin 100 na yaran sun faɗa kashin natsuwa.

Abin da ke kai yaro ga natsuwa, a binciken Ainsworth da na waɗanda suka biyo ta, shi ne mai reno ya lura da alamar da yaro ya bayar, ya fahimce ta, ya amsa ba da jinkiri mai yawa ba, kuma haka ta riƙa maimaituwa har yaron ya san abin da zai samu. Ba shi kaɗai ne dalili ba, halin da yaro ya zo da shi da halin da gidan ke ciki duk suna taka rawa, amma shi ne abin da ke hannun uwa. To a nan jakar goyo ke shigowa. Jaririn da ke manne da ƙirjinki, kina jin motsinsa tun kafin ya kai ga kuka: ya fara juya kai yana neman nono, ya fara tsotsar hannu, numfashinsa ya sauya. Wanda ke kwance a kujerar roba a ɗaya ɗakin, ga ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, sai ya tsage da kuka kafin a san yana so.

An gwada wannan kai tsaye. A 1990 Elizabeth Anisfeld da abokan aikinta a New York suka raba mata 49 masu ƙaramin ƙarfi gida biyu bayan sun haihu, aka ba wasu jakar goyo mai laushi, aka ba wasu kujerar jarirai ta roba. Da yaran suka kai wata 13, kashi 83 cikin 100 na 'yan jaka sun nuna shaƙuwar natsuwa, 'yan kujera kuwa kashi 38. Adadin matan kaɗan ne, don haka bai kamata a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Kafin nan, a 1986 a Montreal ta Kanada, masu bincike Hunziker da Barr sun ga cewa jariran da aka ƙara wa lokacin ɗauka, kukansu ya ragu da kashi 43 cikin 100 a mako na shida, lokacin da kukan jarirai ke kai ƙololuwa. Babu ɗaya daga cikin binciken nan biyu da aka yi da wannan jakar. Ɗaukar aka auna, kuma zani ma ɗauka ne.

Akwai ma binciken da aka yi a kanmu. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani a kan jarirai 18 na Hausawa a gidajen yawa a arewacin Najeriya. Yaran sun shaƙu da mutum uku ko huɗu a gidan, amma kowanne yana da wadda ya fi gudu wurinta, kuma ita ce wadda ta fi riƙe shi da kula shi, ba lallai wadda ta haife shi ba. Haka a ƙasar Dogon ta Mali, inda ake goyo kuma ake ba da nono duk lokacin da yaro ya nema, binciken da aka wallafa a 2001 bai sami ko yaro ɗaya mai kau da kai daga uwarsa ba. Saboda haka idan wata ta ce miki kada ki saba masa da hannu, ki sani jariri ɗan wata biyu ba ya kukan shagwaɓa. Wanda aka amsa wa da wuri shi ne yake sakin jiki ya yi rarrafensa nesa da uwa daga baya, don ya san tana nan.

Abin da ya sauya mana a nan shi ne gidan. A unguwanni irin su Hindawiyya ko Shari'ul Mansur har yanzu akwai gidajen da kaka da goggo da 'yan uwa ke kusa, amma amare da yawa yanzu suna zaune a hawa na uku, ƙofa a rufe, miji ya fita tun safe, babu wadda za a miƙa wa yaro a shiga wanka. A irin wannan zama, abin da zai bar hannu biyu a sake kuma jaririn yana jikinki ba ƙaramin taimako ba ne, musamman a watannin da tsofaffi ma ba sa yarda a goya shi a baya.

Yadda ake sa ta ga sabuwar haihuwa yana buƙatar natsuwa, kuma yawancin ƙorafin da ake yi da jakar daga nan yake tasowa. Kafin komai ki gyara faɗin mazaunin zuwa mafi ƙanƙanta. Ki ɗaura bel ɗin a sama, kusa da ƙarƙashin haƙarƙari, ba a kan ƙugu ba kamar yadda ake ɗaura zani. Wannan shi ne kuskure na farko: idan bel ya yi ƙasa, jaririn ya nutse, fuskarsa ta faɗa tsakanin nonuwa. Ki ja bel ɗin ya kama sosai, ki tabbata kin ji ƙarar shigar makullin. Sai ki ɗauki jaririn ki kwantar da shi a ƙirjinki, ki tallafe shi da hannu ɗaya, ki ɗago jikin jakar ta rufe bayansa, ki sa igiyar kafaɗa ɗaya bayan ɗaya kina sauya hannun da ke tallafe. Idan a miƙe kika sa igiyoyin, akwai ƙaramin makulli da ke haɗa su a baya, kuma wurinsa tsakiyar allon kafaɗa ne. Idan ya hau wuya, minti ashirin ba za su cika ba kafaɗarki ta fara zogi. Mata da yawa ba sa iya kai hannu wurin su kaɗai, shi ya sa gicciye igiyoyin ya fi sauƙi ga mai ƙaramin jiki, don makullansu a gefe suke inda ido ke gani.

Bayan kin ja igiyoyi, ki zura hannu ƙarƙashin cinyoyinsa ki ɗan turo ɗuwawunsa ciki, yadda gwiwoyinsa za su ɗara ɗuwawun tsawo, ƙafafu a buɗe, zaman kwaɗo. Yadin mazaunin ya taso daga bayan gwiwa ɗaya zuwa bayan ɗayar, amma kada ya wuce har ya hana gwiwar lanƙwasa. Wannan zama shi ne ke zaunar da kan ƙashin cinya cikin ramin ƙugu a watannin da gaɓar ke da taushi. Jakunkunan arha da ake samu ƙasa da riyal 100, masu siririn mazauni, suna barin ƙafafun suna reto a miƙe, duk nauyin yaro ya tattaru a tsakanin cinyoyinsa, na uwa kuma a wuyanta. Haka ma naɗin nan mai tsauri da maƙwabtanmu Larabawa ke kira mihad, inda ake miƙar da ƙafafun jariri a haɗe a ɗaure, likitocin ƙashi sun daɗe suna danganta shi da gocewar ƙugu. Idan za a naɗe jariri, a bar ƙafafun su iya lanƙwasa da buɗewa. Goyonmu na gado a wannan fanni daidai yake, ƙafa ɗaya a kowane gefen uwa.

Abin da ya fi ƙugu hatsari shi ne numfashi. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa ba ƙarfi, kuma idan haɓarsa ta faɗa kan ƙirjinsa hanyar iska tana matsewa ba tare da ya yi kuka ko ya yi motsi ba. A 2010 a Amurka aka janye kusan miliyan ɗaya na wata jakar saɓawa mai kamar buhu ta kamfanin Infantino bayan rasuwar jarirai uku, kuma hukumar kula da lafiyar kayayyaki ta ƙasar ta ja kunne musamman kan jariran da ba su kai wata huɗu ba, da bakwaini, da masu ƙarancin nauyi, da masu mura. Omni 360 tana riƙe yaro a tsaye ne, wanda ya fi aminci, amma ba ta ɗauke miki dubawa ba. Ki duba ƙasa ki ga fuskarsa ba tare da kin ɗaga wani yadi ba. Ki sunkuyar da kai kaɗan leɓenki ya taɓa kansa, idan bai taɓa ba ya yi ƙasa. Yatsa ɗaya aƙalla ya shiga tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa. Ki danna bayansa a hankali, idan ya ƙara matsowa jikinki to igiya ta yi sako-sako. Idan kin sassauta don ba shi nono, da ya gama ki mayar da shi sama ki ja igiya, kada a bar shi ya yi barci fuskarsa a nono. Jaririn da bai kai kilo 3.2 ba kada a sa shi ciki ko kaɗan. Shi nasa daban ne: a kwantar da shi fata da fata a ƙirjin uwa, hanyar da aka fara a Bogota ta Kolombiya a 1978, kuma ma'aikatan asibiti ne za su nuna yadda ake yi.

Ga abin da takardar cikin kwali ba ta yi tunaninsa ba: abaya da mayafi. Jakar a kan abaya ake sa ta, ko kuma a ƙarƙashin abaya mai buɗaɗɗen gaba wadda za a bari a buɗe daga ƙirji. Kada a rufe jariri ruf a cikin abaya, kada a saki dogon hijabi ya lulluɓe kansa. Mun san dalilan da ke sa a yi hakan, kunya da kare rana da tsoron baki, amma a ƙarƙashin baƙin yadi iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa, zafi yana taruwa, kuma ba kya ganin fuskarsa. A jefa jelar mayafin ta baya. Hular jakar ma a maƙala ta gefe ɗaya kawai, ta yi inuwa amma a bar fuska a waje.

Zafi shi ne babban raunin jakar a ƙasar nan. Makka takan wuce digiri 45 a bazara, a aikin Hajjin 2024 ma har 51.8 aka auna a Masallacin Harami, Jidda kuma ga gumi mai danƙo. Bel ɗin da igiyoyin soso ne mai kauri, kuma ko mai ragar ba ta hana cikin uwa da na yaro haɗuwa su yi sharkaf ba. Ki lissafa jakar a matsayin riga ɗaya, jikinki a matsayin wata. Singileti na auduga da famfas sun ishe shi, sai ƙyalle mai laushi tsakanin kumatunsa da ƙirjinki wanda za ki riƙa sauyawa idan ya jiƙe. Ki taɓa bayan wuyansa don sanin zafin jikinsa, hannu da ƙafa ba sa faɗin gaskiya. Daga hantsi zuwa la'asar a bazara kada a fita da shi a jaka sai dai daga ƙofa zuwa mota. Wanda bai kai wata shida ba ba a ba shi ruwa, nono ake ƙara masa akai-akai. Idan famfas ɗin da yake jiƙawa a yini ya kasa shida, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya yi laushi ba ya farkawa shan nono, asibiti za a nufa. Haka zazzaɓin digiri 38 ga wanda bai kai wata uku ba. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana ba da shawarar likita ta waya, ta motar asibiti kuma 997.

A ɗawafi ne jakar ke biyan kuɗinta. Ba a barin keken jarirai a filin ɗawafi na ƙasa, kuma safa da marwa kaɗai tafiyar kimanin kilomita 3 ce. Goyon baya a cikin wannan turereniya yana sa kan yaro daidai inda gwiwar hannun mutane ke kaiwa, kuma ba kya ganinsa. A ƙirji kuwa hannayenki biyu suna kewaye da shi. Bel ɗin yana sauke nauyin a ƙugu, don haka yaro mai kilo 8 ko 9 ba ya karya kafaɗa kamar saɓawa. A zaɓi bayan isha ko kafin asuba, a hau bene idan ƙasa ta cika. Wajen sallah, an ruwaito a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Ta fuskar lafiya, ruku'u da sujada da jariri a jakar ƙirji suna kifa kansa ƙasa, don haka a miƙa shi ga wani ko a kwantar da shi a gefe.

Sashen da ba mu so a jakar shi ne wanda aka fi tallatawa, wato juya yaro ya kalli waje. Kamfanin da kansa ya ce sai wuya ya tsaya sosai, wajen wata biyar zuwa shida, kuma ba a barin yaro ya yi barci a haka don kansa gaba zai faɗa. Ban da wannan, akwai abin da ya shafi shaƙuwar kanta. Daga wajen wata bakwai ko takwas yaro yakan fara ƙiwa, kuma idan ya ga baƙuwar fuska ko ya ji ƙara, abin da yake yi shi ne ya dubi fuskar uwarsa ya ga ko akwai hatsari, ko ya ɓoye fuskarsa a jikinta. Wanda aka juya wa waje a tsakiyar kasuwar Balad ta Jidda ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, ke ma ba kya ganin lokacin da ya fara kau da ido ko hamma ko banƙarewa. Minti goma zuwa ashirin a wuri mai natsuwa ba laifi. Wadda ke son ɗanta ya ga duniya, goyon gefe ko na baya ya fi, don yana iya kwantar da kai idan ya gaji.

Goyon baya da jakar kuwa, daga wata shida idan yaro ya iya zama, yana yiwuwa amma da ɗawainiya. Sai an ɗora shi a gefe, a murza bel ɗin da shi zuwa baya, a zura hannuwa, a laluba makullin ƙirji. Bahaushiya takan sunkuya ta ɗora yaro ta ɗaure zani ta ƙara majanyi kafin mai jaka ta gama warware igiya. Zani ya fi sanyi, ana wanke shi da safe ya bushe kafin azahar, kuma ba ya cin wuri a jakar hannu. Inda ya gaza shi ne ɗaurinsa a kan ƙirji yake, yana danne nonon mai shayarwa, abin da kan jawo toshewar hanyar nono idan aka daɗe, kuma yana sassautawa a doguwar tafiya sai an yi ta gyarawa. A cikin gida bayan wata shida, zani muka zaɓa. Ko da wanne, ba a suya ko zuba shayi da gahawa da yaro a ƙirji, ba a tsayawa kan kaskon turaren wuta da shi, kuma a mota babu goyo babu riƙo a cinya, kujerar mota ta jarirai ce wurinsa.

Maza ba sa ɗaura zani, amma suna sa wannan jaka, kuma wannan riba ce ta gaske. Yaro yana ƙulla shaƙuwarsa da kowane mai reno daban, ta uwa daban ta uba daban, kuma ɗaya ba ta rage ɗaya. Uban da ya saba zagaya falo da jariri a ƙirji bayan magariba, lokacin da kukan yamma ke tashi, yana koyon alamun ɗansa da kansa. Bel ɗin yana buɗewa ya ɗauki mai jiki da siriri, sai dai duk wanda ya karɓa sai ya sake gyara igiyoyi. Haka ga uwar da za ta koma aiki, yanzu da hutun haihuwa a dokar ƙwadago ya koma mako 12 tun 2025. Ko kaka ce za ta riƙe shi, ko 'yar aiki, ko gidan reno, abin nema shi ne mutum guda da ba ya sauyawa kowane wata, wanda zai ɗauke shi idan ya yi kuka. Kada uwa ta ji kishi idan yaron ya shaƙu da mai renonsa, alheri ne gare shi. Kuma kada a sulale a gudu yana wasa, a yi masa sallama gajeriya kullum iri ɗaya. Idan kin dawo ya fashe da kuka ya miƙo hannu, ba fushi yake da ke ba, ya ajiye kukan ne sai mai shi ta zo. Mai kunyar ɗan fari wadda ba ta iya yi masa wasa a gaban surukai ma kada ta damu, ɗauka da shayarwa da amsa kukan dare suna isar da saƙon ko ba a kira sunansa ba.

Akwai abin da jakar ba ta gyarawa. Ana iya ɗaure yaro a ƙirji awa uku uwa tana kan waya ba ta dube shi sau ɗaya ba. Akwai kuma uwar da ke yin komai daidai amma zuciyarta a bushe, ba ta jin daɗin komai, tana kuka ba dalili, barci ya ƙi ko da yaron ya yi barci, ko tana jin tsoron kasancewa ita kaɗai da shi. Idan wannan ya wuce mako biyu bayan haihuwa, ciwon damuwa ne na jego, ba ƙarancin imani ba ne ba kuma rashin son ɗa ba, kuma yana da magani. Ta faɗa wa likita ranar rigakafin yaro, miji da 'yan uwa kuma su rage mata aiki su bar ta ta yi barci. Wadda aka yi wa tiyata ta jira izinin likita kafin ta ɗaura bel ɗin, don yana iya gugar ɗinkin.

Wadda ke zaune ita kaɗai da sabon jariri, ko mai yawan zuwa Harami, ko mai shirin tafiya Kano ko Yamai ta jirgi, ko wadda mijinta ya yarda zai ɗauka, ta saya, mai raga. Wadda ɗanta ya riga ya kai wata shida kuma akwai hannaye a gida, ta riƙe kuɗinta. Akwai jabu da yawa a intanet masu ɗauke da sunan kamfanin, kuma farashin da ya faɗi ƙasa warwas shi ne alamar farko. Ta hannu kuwa ba laifi idan an duba ta: a buɗe kowane makulli a rufe a ji ƙararsa, a nemi tsagewa a robar, a ja ɗinkin da ya haɗa igiyar kafaɗa da jikin jakar da ƙarfi a ga ko zare zai buɗe, a tabbata abin mannawar mazaunin yana kamawa. Wajen wanki a rufe dukkan makullan, a sa ta cikin rigar matashi, ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa, don ranar Jidda tana cin roba da zare.